Inna ta ce ƙasa mai tsarki ce, Yaya ya ce a sayar

Tambaya:

Gaisuwa mai yawa. Ni Kirista ce, an haife ni a wani ƙauye da ke gefen Maradi, wanda yanzu gari ya riga ya cinye. Mahaifinmu mai bishara ne. Shi ya yanki wani sashe na gonarsa ya ba ikkilisiya, shi da wasu mutum kaɗan suka kwaɓa ƙasa suka gina ɗakin sujada tun ba a haife ni ba. A ciki aka ɗaura mini aure, a ciki aka yi wa Baba addu'ar jana'iza. Yanzu mun yi yawa, an gina sabuwar majami'a ta siminti a bakin kwalta, daminar bara kuma ta kayar da bango ɗaya na tsohon ɗakin. Dattawa sun yanke shawarar sayar da filin don a gama rufin sabuwar. Yayana yana cikin dattawan, ya kuma yarda. Inna ta ce sai dai bayan ranta. Ta ce ƙasa ce mai tsarki, ba ta taka sabuwar majami'a. Kullum da safe tana zuwa ta share tsohon ɗakin, har ta ƙulla ƙasar wurin a tsumma ta sa ƙarƙashin matashin ɗana da yake zazzaɓi. Wani baƙon mai wa'azi ya ce mana duk wanda ya sayar da wurin Allah la'ana za ta bi zuriyarsa. Na daina magana da Yaya. Ni ma in na shiga sabuwar majami'a sai in ji addu'ata ba ta tashi. Me yake sa wuri ya zama mai tsarki? Zunubi ne a sayar?

Wata ƴar'uwa daga Maradi

Amsa:

Ƴata, sannu da wannan nauyi. Tsayawa tsakanin uwa da wa ba wurin daɗi ba ne. Ga amsata tun kafin bayani: sayar da filin ba zunubi ba ne, babu kuma la'anar da za ta bi gidanku. Baƙon da ya faɗi wannan magana ya ɗora wa tsohuwa mai makoki kayan da Allah bai ɗora mata ba, ya kama hanyarsa ya bar ku da tsoro. Amma abin da Inna take ji a ranta ba shirme ba ne, yadda dattawa suke neman tafiyar da lamarin kuma yana bukatar gyara.

Ki buɗe Littafi Mai Tsarki, Farawa sura 28. Yakubu ya taso daga Biyasheba za shi Haran, gudu yake daga wansa Isuwa wanda ya yi wa wayo. Dare ya yi masa a wani fili kusa da wani gari mai suna Luz. Ba bagadi a wurin, ba firist, ba wanda ya taɓa keɓe shi. Dutse ya ɗauka ya tada kai. Cikin barci Allah ya yi masa magana, ya yi masa alkawari zai kasance tare da shi duk inda ya tafi. Da ya farka sai ya ce lalle Ubangiji yana wurin nan, shi kuwa bai sani ba. Ya kafa dutsen, ya zuba masa mai, ya sa wa wurin suna Betel. Ki lura da abin da ya fara zuwa. Allah ne ya zo tukuna, dutse da mai suka biyo baya don tunawa. Ki kuma lura da alkawarin kansa: Allah bai ce wa Yakubu zai same shi a nan in ya dawo ba, cewa ya yi yana tare da shi a hanya.

To, ki bi wannan Betel ɗin zuwa gaba. Bayan mulkin Sulemanu, sarki Yerobowam ya kafa ɗan maraƙin zinariya a can. Wuri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, wataƙila dutsen Yakubu ma yana nan kusa. Sai ga annabi Amos yana cewa mutane su nemi Ubangiji su rayu, kada su nemi Betel. Daga baya sarki Yosiya ya rushe bagaden wurin ya ƙone shi, Littafi kuwa ya lasafta wannan cikin ayyukansa na kirki. Da a ce tsarki yana manne wa ƙasa kamar yadda ake tsoratar da ku, da Yosiya ne la'ananne.

Haikalin Urushalima ma haka. Shekara 7 Sulemanu ya yi yana gina shi, amma ranar keɓewa da bakinsa ya ce sammai ba su isa su ɗauki Allah ba, balle ɗakin da ya gina. Da mutanen Yahuza suka mai da haikalin abin dogara, suna cin zalin marayu da gwauraye suna ta faɗin "haikalin Ubangiji ne", Irmiya ya tsaya a ƙofarsa ya ce su je Shilo su ga abin da ya sami wurin da akwatin alkawari ya taɓa zama. Kimanin shekara 586 kafin haihuwar Almasihu sojojin Babila suka ƙone haikalin. A can ƙasar bauta Allah ya faɗa ta bakin Ezekiyel, sura 11, cewa shi da kansa ya zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da suka warwatsu.

Yadda nake ganin abin, kamar tabarma ce da aka shimfiɗa wa sarki. Muddin yana zaune a kai, ba mai taka ta da takalmi. In ya tashi ya shiga wani zaure, jama'a shi suke bi. Ana naɗe tabarmar da ladabi, ba a wulakanta ta, amma ba a zauna ana yi mata fadanci.

Labarin da na fi so ki karanta wa Inna yana cikin Yohanna sura 4. Matar nan ta Samariya, a bakin rijiyar Yakubu, ta nuna wa Yesu Dutsen Gerizim ta ce kakanninsu a kan dutsen nan suka yi sujada. A lokacin da take wannan magana, haikalin Samariyawa da ke kan dutsen ya fi shekara 100 da rushewa. Kango take nunawa, amma kangon iyayenta ne. Ba maganar Inna ke nan ba? Yesu bai yi mata dariya ba, bai kuma ce ta yi gaskiya ba. Ya ce lokaci yana zuwa, har ma ya yi, da ba a kan dutsen nan ko a Urushalima za a yi wa Uba sujada ba, masu sujada na gaskiya za su yi ta cikin ruhu da gaskiya. Ranar da ya mutu labulen haikalin Urushalima ya tsage daga sama har ƙasa. A shekara ta 70 Romawa suka rushe haikalin, ba a sake gina shi ba har yau, bangaskiyar Kirista kuwa ba ta girgiza ba, domin manzanni sun riga sun koyar da inda Allah yake zaune. Bulus ya ce wa Korantiyawa su ne haikalin Allah, Ruhunsa yana zaune a cikinsu. Bitrus ya kira masu bi rayayyun duwatsu da ake gina ɗaki na ruhu da su. Yesu ya ce inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa, yana tsakiyarsu.

Shi ya sa Kiristocin farko suka yi shekaru kusan 200 suna taruwa galibi a gidaje. Bulus yana gaida ikkilisiyar da ke gidan Akila da matarsa, da ta gidan Filimon. Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗakunan sujada da masu tonon tarihi suka gano yana Dura-Yuropos a Siriya, gidan zama ne da aka fasa bango tsakanin ɗakuna biyu wajen shekara ta 240 don ya ɗauki jama'a. Manyan gine-gine sun yawaita ne bayan shekara ta 313, da sarki Konstantin ya ba Kirista ƴancin yin addininsu a fili. A nan ƙasarmu ma, da masu bishara suka zauna a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, ba da siminti aka fara ba. Ba mu kuma manta da Janairun 2015 ba, da aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, ko Yunin 2019 da aka ƙone wata a unguwar Zariya nan Maradi. Abin ya yi ciwo ƙwarai, ban yarda kowa ya raina shi ba. Amma wuta ba ta ci ikkilisiya ba. Lahadi ta zagayo, mutane suka taru, wasu a ƙarƙashin rumfa, wasu a gidajen ƴan'uwa.

Kada ki ɗauka ina nufin wuri ba shi da wata daraja. Yesun da ya yi wannan magana a bakin rijiya shi ne ya kori masu canjin kuɗi daga haikali, ya kira shi ɗakin addu'a. Yana da lambun da ya saba zuwa da almajiransa, har Yahuza Iskariyoti, wanda ya bashe shi, ya san inda zai same shi. Daniyel a Babila tagoginsa a buɗe suke wajen Urushalima. Mu mutane ne masu jiki, tunaninmu yana kama wuri. Ɗakin da aka yi shekaru ana kuka da waƙa da tuba a cikinsa ya cancanci a girmama shi. Ƴan'uwanmu na Katolika, waɗanda Maradi ta zama mazaunin bishop ɗinsu tun 2001, sun fi mu nauyaya wannan: suna shafa wa bagade mai ranar keɓewa, suna ajiye gurasar tarayya a cikin ɗakin, suna durƙusawa in sun shiga. Duk da haka dokarsu ta yarda bishop ya fitar da majami'a daga aikin sujada in ta lalace ko akwai babban dalili, da sharaɗin kada a mai da ita wurin abin kunya. Ke nan har waɗanda suka fi kowa tsanantawa sun san ɗakin sujada yana iya gama aikinsa. Dokar Musa ma, a Littafin Firistoci sura 27, ta ce wanda ya keɓe gida ko gona ga Ubangiji yana iya fansarsa in ya biya kuɗinsa ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ƙullin ƙasar nan shi ya fi damuna a wasiƙarki. Mun taso a ƙasar da kowa ya san tsamiyar da ba a sara da kukar da ba a zama ƙarƙashinta da tsakar rana, don an ce da masu ita. Kakannin yawancinmu sun yanka kaza a gindin itace. A bakin tafkin Madarunfa akwai kaburburan waliyyai 99 da maƙwabtanmu Musulmi suke girmamawa suna ziyarta. Ba zagin kowa nake ba, ina nuna miki iskar da muka shaƙa ne tun muna yara: a wurinmu albarka tana zama a wuri, ana iya ɗibarta a kai gida. Mutum yana iya shekara 40 cikin bangaskiya wannan tunani yana kwance a ƙasan zuciyarsa, sai ranar da jika ya kwanta ciwo ya taso. Wani zai kawo miki Na'aman, shugaban sojojin Suriya da ya warke daga kuturta, wanda ya roƙi a ba shi ƙasar Isra'ila kayan alfadari biyu ya kai Suriya. Na'aman sabon tuba ne na rana ɗaya, yana kuma so ya gina bagade ne, ba magani yake nema ba. Ki dubi macijin tagulla maimakon haka. Allah ne ya umarci Musa ya ƙera shi, mutane suka dube shi suka warke. Bayan ɗaruruwan shekaru aka koma ƙona masa turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi. Abin da Allah ya taɓa amfani da shi yana iya zama laya in an mai da zuciya kansa. Ki cire ƙullin, ba da faɗa ba, ba kuma a gaban mutane ba. Ki ce, "Inna, zo ki ɗora masa hannu ki yi addu'a, hannunki ya fi ƙasa." Ki kira dattawa su yi masa addu'a kamar yadda wasiƙar Yakubu 5:14 ta ce, ki kuma kai shi likita a duba jininsa yau ɗin nan, don zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran a gama gardama.

Sharar da take yi da safe kuwa, ku bar ta. Ina ganinta a idona: tsohuwa da tsintsiya, tana sunkuyawa a gindin bangon da har yanzu da shatin yatsun mijinta a jikin yaɓen. A wurin ne kawai ta rage da abin da za ta yi masa. In ta ce "ƙasa mai tsarki", rabin maganar tauhidi ne, rabi kuma kewar miji, da tsoron kada a manta da wahalar da suka sha lokacin da masu bi ba su cika tabarma biyu ba. Aya tana amsa rabin farko. Rabi na biyu sai an zauna da ita an saurara. Kuskuren dattawa, da na yayanki, shi ne sun yi lissafin kwano da katako, suka yanke magana, ba su fara zuwa zaure sun durƙusa gaban matar wanda ya ba da filin ba. Hakkinsu ne su yanke, tunda kyauta in an ba da ta fita hannu. Amma ikkilisiyar da aka umarta ta girmama gwauraye ba ta yin haka.

Game da addu'arki da kike jin ba ta tashi. Sabon gini yana da nasa: murya tana amsa-kuwwa, kujerun roba ba su san ki ba, ba kusurwar da Baba yake zama. Wannan zai wuce. Amma ina zargin ba siminti ne ya tare addu'ar ba. Kina shiga, kina hango yayanki a gaba cikin dattawa, zuciyarki tana ƙuna. Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna akwai wata magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. In da wani haikali da yake cikin haɗari a gidanku, ku uku ne, ke da Inna da shi. Yayanki ma ɗan Baba ne. Mai yiwuwa shi ma yana jin zafin, sai dai shi ne yake ganin ruwa yana zuba kan yara a majami'ar da ba rufi. Tsofaffin garin nan sun san ƙaura: bayan ambaliyar 1945 Maradi ɗungum ta bar kwarin Gulbi ta hau tudu, mutane suka bar ɗakunan da aka haife su, don rai ya fi bango.

Ga abin da zan so ku yi. Ku roƙi dattawa su ɗan jinkirta ciniki, ko da wata biyu ne. Fasto da dattawa su zo gida wurin Inna, su gaishe ta, su nemi gafara kan yadda ta ji labarin, su tambaye ta abin da take so a yi da wurin. Sau da yawa tsoho ba ƙin abu yake ba, ƙin a tsallake shi yake.

Sa'an nan a duba ko dole ne filin ya fita hannu gaba ɗaya. Nan ne maganar fansa take shigowa. In ku ƴaƴan marigayi kuna da hali, ko da haɗa kuɗi ne da dangi na Yamai da na Najeriya, ku saye shi a farashin da wani zai saya, kada ku nemi ragi don sunan Baba. Ikkilisiya ta sami rufinta, Inna ta sami wurinta. In ba hali, a sayar da sashe a bar sashe, a yi ajin koyon karatu ko wurin ɗinkin zumuntar mata. In kuwa sai an sayar duka, a zaɓi mai saye. Ɗakin ajiyar hatsi ko gidan zama ba laifi, ko Musulmi ne ya saya ko Kirista. Gidan giya ko na caca kam a ƙi, ko da ya fi tsada, saboda sunan Almasihu a unguwar da ta san abin da wurin yake. Ku kuma bincika takardu kafin kome. Yawancin kyautar filaye ta wancan zamani da baki aka yi ta. In babu takardar shaidar kyauta, a je wurin mai unguwa da hukumar kula da filaye a rubuta, magada duka su sa hannu, don kada gobe wani jika ya tada rigima. A karanta wa jama'a nawa aka sayar da inda kowace jaka ta shiga. Kuɗin irin wannan fili in ya bi ta duhu, a nan ne zunubin yake.

Kafin a miƙa wurin, a yi sujadar godiya ta ƙarshe a cikinsa, ko da a tsakar fili ne saboda bangon da ya faɗi. A rera waƙoƙin da aka fara da su. A ba Inna da sauran tsofaffi dama su faɗi yadda aka fara, wa ya ɗebo ruwa, wa ya kawo azara, wa aka kora daga gidansu saboda ya shiga nan. Matasa su ɗauki muryarsu a waya, wani ya rubuta. Daga nan a ɗauki abin da yake ɗaukuwa, tsohon teburin wa'azi, ƙarfen da ake bugawa don kiran sujada, Littafin da Baba yake karantawa, a taka da su a ƙafa har sabuwar majami'a. A roƙi Inna ta riƙe Littafin.

Tana iya ƙi. In ta ƙi, kada ku ja ta, kada kuma kowa ya ce mata ta ja da baya. Zumuntar mata su riƙa zuwa gidanta suna addu'a tare da ita, fasto ya kai mata Jibin Ubangiji, jikoki su riƙa zuwa suna ba ta labarin abin da aka koya musu ran Lahadi. Ranar da za a rushe ɗakin kada a bar ta ita kaɗai, kada kuma ta ji labari a bakin maƙwabta.

Ke kuma ki fara da yayanki, cikin makon nan, kafin dattawa su sake zama. Ki je gidansa da kanki, ban da saƙon waya. Ki gaishe shi yadda ƙanwa take gaida wa, ki ce kin zo ne ku yi shawara a kan Inna, ki bar shi ya fara magana.